Kuɓucewa Nake Koyarwa, Ba Faɗa Ba

Ku yaran yanzu, da zarar kun ji an ce ina koya wa 'yan mata kare kai, sai ku zaro waya ku nuna mini wani ƙato yana tsalle yana harbin iska, ku ce, "Malama, irin wannan ne ko? Ai mu ma mun iya." Wasunku ma cewa suke za su buɗe nasu ajin, tunda abin bai wuce a kalla a kwaikwaya ba. Ba na musu da ku. Amma ku zauna in gaya muku yadda aikin yake, tun daga inda na samo shi har shekarar da ya kusa fita daga hannuna.

Sunana Hadiza, amma a unguwarmu nan Haɗejiya Malama Dije ake ce mini. A Guri aka haife ni. Mahaifina masunci ne, idan kuma aka gama girbi ɗan kokawa ne. Ba ƙato ba ne. Gajere ne mai kaurin wuya, ba ya son yawan magana. Na ga samari da suka fi shi tsawo da faɗi suna kai masa cafka har su gaji, shi kuwa yana tsaye yana jira. Sai abokin karawa ya ɗaga ƙafa ba a kan lokaci ba, kafin makaɗa su juya kiɗa an gama.

Ina da shekara goma sha ɗaya Inna ta aza mini farantin bandar kifi in kai kasuwa. Hanyar ta bi ta kan kunya tsakanin gonakin shinkafa, mutum ɗaya take ɗauka. Wani mutum da ban sani ba ya tare ni, ya ce in biyo shi zai saye kifin duka. Na ce a'a. Sai ya kama wuyan hannuna. Na yi ta ja da baya, ina ja yana ƙara matsewa. Na buɗe baki, murya ta ƙi fitowa. Wata tsohuwa mai ɗauke da itace ce ta hango mu ta daka masa tsawa, ya sake ni ya faɗa cikin shinkafa. Na koma gida da farantina a ka, ko kifi ɗaya bai faɗi ba.

Baba ya duba shatin yatsu a hannuna ya daɗe. Sannan ya ce, "Da ya kama ki, ina kika ja?"

Na ce, "Baya, Baba."

Ya ce, "Shi ya sa."

Washegari da ya dawo daga masallaci ya zube buhun ƙaiƙayin shinkafa a tsakar gida ya baje shi. Inna ta fito daga ɗaki ta ce, "Malam, 'ya mace za ka koya wa kokawa? Me za a ce da mu a gari?"

Ya ce, "Ba kokawa ba ce. Kokawa mutum biyu ne suka yarda, ga makaɗa, ga 'yan kallo, ga mai rabawa. Ita wannan wa ya tambaye ta?"

Abu na farko da ya nuna mini shi ne hannun mutum. Ya kama wuyan hannuna ya ce in duba da kyau. Yatsu huɗu a gefe ɗaya, babban yatsa shi kaɗai a ɗaya gefen. Ya ce, "Kowane hannu, komai girmansa, nan ƙofarsa take, tsakanin babban yatsa da sauran. Kada ki ja baya. Ki matso taki ɗaya, ki juya hannunki ya kwanta, ki fita ta ƙofa." Na gwada, hannuna ya zame kamar tarwaɗa. Na yi dariya na ce na iya. Sai ya sake kamawa, wannan karon ba tare da ya gaya mini ba, yana mai daka mini tsawa. Nan take na ja baya kamar yadda na yi a kan kunya. Ya ce, "Kanki ya iya, jikinki bai iya ba. Shi kuwa tsoro da jiki yake magana."

Wata uku muka yi a kan wannan ɗaya. Ina daka zai kama ni, ina ɗebo ruwa zai kama ni, ina cin tuwo zai kama ni. Bayan haka ya koya mini faɗuwa: yadda zan sunkuyar da haɓa kada ƙeya ta bugi ƙasa, yadda zan tashi ba tare da na juya wa mutum baya ba. Da ya ga ina son abin, sai ya ƙara mini da kaye biyu uku irin nasu na fili, don jin daɗi.

Aure ya kawo ni Haɗejiya, na kuma samu koyarwa a firamare. Maigidana, Malam Habu, a injin casar shinkafa yake aiki. Ban taɓa tunanin abin da Baba ya koya mini zai zama sana'a ba, sai ranar da maƙwabciyata ta shigo da 'yarta Hauwa, mai shekara goma sha biyu, mai tallar soyayyen kifi a bakin tasha. Wani ɗan kamasho ya addabe ta da riƙe mata hannu. Uwar ta ce, "Na ji an ce ke 'yar ɗan kokawa ce. Ki nuna mata wani abu."

A kan Hauwa na yi kuskurena na farko. Ɗoki ya ɗebe ni, na tsallake hannu na tafi kaye, don shi ya fi kyan gani. Sati biyu ina koya mata yadda ake taɗe ƙafa a juya ƙugu. Ta koma gida ta gwada a kan yayanta, ya ɗaga ta sama kamar ƙullin gishiri ya dire ta, ta gurɗe a ƙafa. Da hutu ya zo na tafi Guri na ba Baba labari. A lokacin ya tsufa, yana zaune a inuwa yana gyaran komarsa ta kamun kifi. Bai ɗago kai ba ya ce, "Na koya miki kaye don ke 'yata ce, kina son wasan. Ita me za ta yi da shi? Wanda ya tsaya kayar da mutum, ai ya tsaya. Ita ba tsayawa take nema ba. Ki koya mata tafiya." Tun daga ranar ban sake koya wa yarinya kaye ba. Kuɓuce, yi ihu, gudu inda mutane suke, gaya wa babba. Aikin ke nan gaba ɗaya, kuma shekara ashirin da ɗoriya ban gama koyon yadda ake koyar da shi ba.

Kayan aikina ba su da yawa. Buhunan ƙaiƙayi da Malam yake kawo mini daga injin, in ɗinke bakinsu, in jera a tsakar gida, in rufa tabarmar kaba a kai. Sunan ƙaiƙayi bai yi ƙarya ba, idan buhu ya huje sai ku ga yara suna susa har yamma, don haka kullum da allura da zare a gefen zanina. Duk sati sai an shanya buhunan, in ba haka ba danshi da gara su gama da su. Sai tsohon faranti wanda ya sha faɗuwa har ya lanƙwashe, da bokiti, da tsofaffin hijabai, da silifas. Ba na yarda yarinya ta sa wando da riga irin na wasanni. Wanda zai tare ta ba zai jira ta sake kaya ba. Cikin zani da hijabi da silifas take yawo, cikinsu za ta koya. Gudu da zani ma darasi ne: hannu ɗaya ya tattare shi zuwa gwiwa, silifas kuwa a bar su a inda suka tsaya.

Faranti ya ba ni wuya fiye da yadda kuke zato. Za ka kama yarinya mai talla, hannayenta biyu su tafi kan faranti, ba kan wanda ya kama ta ba. Na gane abin nan da nan, domin ni ma kifina bai faɗi ba a kan kunya. Ba mutumin take tsoro ba kamar faɗan da za a yi mata a gida. Sai na fahimci ba yaran kaɗai zan koya wa ba. Na sa doka: ranar farko sai uwa ta zo da kanta, ta tsaya gaban 'yarta ta ce, "Idan aka taɓa ki, ki yar da kayan. Ke nake so ki dawo." Na ga uwaye da maganar ta fito musu da sauƙi, na ga waɗanda da ƙyar suka faɗa. Bayan haka nakan cika farantin da duwatsu in sa yarinyar ta yi ta yar da shi har ƙarar ta daina firgita ta. Ƙarar ma amfani gare ta, tana jawo ido.

Hijabi kuma wani abu ne daban. Idan aka kamo shi ta baya, yarinya za ta iya sunkuyawa ta ɗaga hannu biyu ta zame, ta bar mutum da tsumma a hannu. Abu ne mai sauƙi, amma yara suka ƙi. Wata ta ce mini, "Malama, in fita titi ba hijabi? Gara ya kashe ni." Ban yi mata gardama da bakina ba. Na je wurin malamar Islamiyyarsu, dattijuwa mai ilimi, na kawo ta har gida. Ta zauna a kan buhu ta ce musu tsare rai da mutunci yana gaba, kuma babu laifi a kan wadda ta bar mayafinta don ta tsira. Ta ƙara da cewa kowa ta riƙa ɗaura ɗankwali a ciki. Da wannan aka wuce wurin.

Mafi wuya duka ita ce murya. Mun tarbiyyantar da 'ya'yanmu kada su ɗaga murya gaban babba, kada su kalle shi cikin ido, kuma tarbiyya ce mai kyau. Amma mugu ya san da haka, da ita yake aiki. Akwai wata Rakiya, hannunta ya fi na kowa sauri, amma idan na ce ta yi ihu sai ka ji kamar kukan ɗan tsako. Na kai ta bayan injin lokacin da yake aiki, inda ko ni ba na jin kaina, na ce ta kira sunana. Da ta ga babu mai jin ta sai ta saki murya. Kullum muna ja da baya daga injin taki goma, har ranar da ta yi ihu a tsakar gidana kajin maƙwabta suka watse. Kuma ba "wayyo" nake koya musu ba, domin mutane sun saba jin wayyo. Cewa za ta yi, "Sake ni! Ban san ka ba! Ba ubana ba ne!" Idan ba haka ba masu wucewa za su ɗauka uba ne yake hukunta 'yarsa. Idan kuwa wanda ta sani ne, kuma sau da yawa hakan ne, sunansa za ta kira da ƙarfi.

Masu kawo mini yara iri-iri ne. Wata rana wani dattijo mai shanu daga wajen Baturiya, Baffa Buba, ya yi sallama a zaure da matarsa da 'ya'yansa mata biyu masu kawo nono cikin gari. Ya ce, "Malama, sanda sun iya tun suna ƙanana. Amma mai ƙwarya a ka ba ta da hannun sanda." Yaran nan ban taɓa ganin masu tsayuwa irin tasu ba. Da na kai wa babbar cafka, maimakon ta ja baya sai ta goce gefe, na wuce na kusa cin tabarma. Na ce wa ya koya mata? Ta ce, "Goggo, idan sa ya taso miki ba a gudu a gabansa. Gefe ake yi." Ranar ni na zama ɗaliba. Har yau wannan gocewa tana cikin darasina na biyu, kuma ina gaya wa yara daga inda ta fito.

To, sai shekarar da ruwa ya yi mana yawa. Kogi ya cika ya tumbatsa, ya cinye gonaki, ya shigo unguwannin da ke gangare. Tsakar gidana ruwa ya kai idon sawu, buhunana suka jiƙe suka ruɓe, injin ya tsaya don babu shinkafar da za a casa. Hanyar da yara suka saba bi zuwa Islamiyya ta nutse, sai an zagaya ta wani lungu mai tsawo a bayan rumbunan kifi.

A wannan lungun abin ya faru, da la'asar. Zainab ɗalibata ce mai shekara goma sha huɗu, marainiya, uwarta tana suyar awara a ƙofar gida. Siririya ce, ba ta da hayaniya. Wani saurayi mai suna Nura, ɗan wani babban dillalin kifi, Alhaji Garba, ya tare ta ya cakumi hijabinta a wuya ya ja ta wajen wani kango. Akwai abu ɗaya da nake koya wa manyan yara kaɗai, kuma sai na tabbatar da hankalinsu: idan hannu ya damƙi wuyan rigarki kuma babu hanyar zamewa, ki nemi ƙaramin yatsa ki lanƙwasa shi baya. Haka ta yi. Yatsan ya karye. Ta yi ihu da sunansa, ta gudu gida ba takalmi.

Kafin gari ya waye labari ya juye. Aka ce yaro yana wucewa ya gaishe ta, ta far masa. Aka ce Malama Dije tana tara 'yan mata a gida tana koya musu dukan maza, gobe mazajensu za su daka. Mazan unguwar da yawa a ƙarƙashin Alhaji Garba suke cin abinci, ga shi shekarar babu noma. Cikin kwana uku yara suka ɗauke ƙafa. Aka aiko wa Malam Habu cewa mai unguwa yana neman mu, kuma Alhaji ya rantse sai an rufe ajin, in ba haka ba zai kai maganar gaba.

Malam ya ce mini, "Dije, kin tabbata da yarinyar?"

Na ce, "Na tabbata da yatsan. Idan muka je, abin da na ce ka yi, ka yi."

Zauren mai unguwa ya cika. Alhaji yana zaune a kan kujera, Nura a gefensa da hannu a naɗe. Mu mata muna daga bakin ƙofa, ni da Zainab da uwarta. Alhaji ya yi magana mai tsawo. Ya ce ɗansa bai taɓa ta ba, hannunsa a sake yake, ita ta kamo shi. Mai unguwa, dattijo ne mai haƙuri, ya juyo ya ce, "Malama, me za ki ce?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba ni aka tare ba. A tambayi yarinyar."

Na san abin da nake nema a wurinta ba ƙarami ba ne: marainiya, gaban maza sama da ashirin, gaban mutumin da ke saye wa rabin unguwa hatsi. Zainab ta miƙe. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi tsiwa ba. Ta gaida mai unguwa, sannan ta faɗi inda ta fito, inda ya tsaya, abin da ya ce mata, da hannun da ya kama ta da shi. Muryarta ta kai har waje. Da ta gama ta karɓi hijabin daga hannun uwarta ta shimfiɗa a ƙasa. Wuyansa a yage yake har kafaɗa.

Alhaji ya ce, "Tsumma ai kowa na iya yagawa."

Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni izini in nuna abu ɗaya, da mijina."

Mai unguwa ya ce bismilla. Na ce Malam ya tsaya ya saki hannunsa kamar mai wucewa, ya hana ni kama ƙaramin yatsansa. Na kai hannu, ya janye. Na sake, ya janye. Sau bakwai ko takwas, ko taɓa shi ban yi ba, har wasu suka fara dariya. Na ce, "Ni ke nan da na shekara ashirin a kan aikin. To Malam, kama hijabina a wuya, ka riƙe da ƙarfi." Ya kama. Kafin ya gama matsewa yana durƙushe yana cewa, "Ya isa, ya isa!"

Na juya na ce, "Ranka ya daɗe, hannun da yake sake ba a kama masa yatsa. Sai hannun da ya damƙi wani abu ya ƙi saki. Abin da nake koya musu ba ya aiki a kan mai wucewa. Ba ya aiki a kan kowa sai wanda ya riga ya kama su."

Mai unguwa ya dubi Nura ya ce, "Yaro, ɗago kai ka dube ni." Bai ɗago ba. Dattijon ya jira, ya sake faɗa, bai ɗago ba. Sai ya ce da Alhaji, "Ka ɗauki ɗanka ku je gida, ka yi masa faɗan da ya kamata. Idan kana son kai magana gaba, da ni da hijabin nan za mu je." Ni kuma ya ce in ci gaba, amma ƙofata ta zama a buɗe ga duk uwar da ke son ta zauna ta gani. Na ce dama a buɗe take.

Kada ku ɗauka daga nan komai ya gyaru. Gaskiya ta fito, amma mutane suna jin nauyin Alhaji, yara ba su dawo ba. Uku suka rage mini, har da Zainab, muna yi a kan ƙasa mai danshi ba buhu ba tabarma. Na daina darasin faɗuwa gaba ɗaya don kada wata ta ji rauni.

Waɗanda suka tashe ni baƙi ne. An sauke mutanen ƙauyukan da ruwa ya cinye a makarantar da nake koyarwa, iyali uku huɗu a aji ɗaya. Na je kai musu dafaffen wake, sai wata mata daga wajen Guri ta ƙura mini ido ta ce, "Ke ba 'yar gajeren nan ba ce mai kokawa?" Na ce ni ce. Ta ja ni gefe ta ce 'ya'yansu mata suna zuwa ɗebo ruwa da neman itace a garin da ba su sani ba, hankalinsu ba a kwance yake ba. Washegari muka tura bencina gefe a aji ɗaya. Ni da Zainab muka raba yaran gida biyu. Hannu da murya kawai, sai gocewar 'ya'yan Baffa Buba. Uwaye suna zaune a bakin taga suna kallo, wasu har suna gwadawa a junansu suna dariya, mutanen da suka yi makonni ba su yi dariya ba. A nan na ga Zainab ta iya koyarwa. Ba ta gaggawa, kuma yarinyar da ta fi kowa tsoro ita take fara zaɓa. Da ruwa ya janye suka koma garuruwansu, labari kuma ya zaga cikin gari. Yaran unguwa suka fara dawowa ɗaya bayan ɗaya, kowace da uwarta, babu wadda ta tayar da zancen baya, ni ma ban tayar ba.

Bayan girbin shekara mai zuwa, injin ya tashi, Malam ya kawo sababbin buhuna. Wata Asabar da hantsi, maza duk sun fita, muna cikin darasi, aka yi sallama. Wata mata ce cikin babban mayafi, riƙe da hannun yarinya 'yar shekara goma. Sai da ta yaye mayafin na gane ta. Hajiya ce, matar Alhaji Garba, mahaifiyar Nura. Zainab tana tsaye a kan tabarma.

Na shimfiɗa mata darduma, na kawo ruwa. Muka gaisa, ta tambayi Malam, na tambayi gida. Ta daɗe tana juya kofin a hannunta. Sannan ta ce, "Malama, ga Amina. Ƙanwarsa ce. Ta fara zuwa makaranta ita kaɗai."

Na ce, "Alhaji ya sani?"

Ta ce, "Ya sani. Bai ce komai ba, bai kuma hana ba."

Na ce, "To, Hajiya, akwai abin da uwa take faɗa wa 'yarta ranar farko. Ita ba talla take ba, amma jaka da littattafai ma kaya ne."

Na gaya mata kalmomin. Ta kama kafaɗun yarinyar ta faɗa, ta kuma ƙara da nata: "Ko wane ne, ko ɗan gidan wa ne, ki zo ki gaya mini."

Saura wadda za ta kama hannun sabuwar ɗaliba, don ranar farko babba ake haɗa ta da ita. Na duba cikin manyan yaran ina neman wata daban. Kafin in kira suna Zainab ta sauko daga kan tabarma, ta zo gaban Hajiya ta durƙusa ta gaishe ta. Hajiya ta amsa, idonta a ƙasa. Zainab ta miƙe, ta juya wurin yarinyar, ta miƙa mata wuyan hannunta.

Ta ce, "Amina, ke za ki fara kama ni. Riƙe da ƙarfi, kada ki ji tausayina."